Ƙirgin da Na Sa Maka a Birki

Zuwa ga Yaya Habu direba, duk inda wannan takarda ta same ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanar da kai Inna tana lafiya, iyalinka ma haka. Ban rufe takardar ba. Zan ba direbobi a kasuwar Maigatari, kowa ya karanta, wanda ya riga ganin ka a Damagaram ya faɗa maka da baki.

Yaya, kada ka tuƙa motar nan cikin ruwa.

Ka tuna ranar da ka ɗage ta a ƙofar gidanmu na Gumel, ka kwance tayoyin baya. Ka nuna mini takalman birki sun cinye har ƙarfe yana cin ƙarfe. Sabon kaya sai Kano, ga fatake sun ɗaure goro suna jiran ka.

Ina zaune a zaure ina ɗinkin zabira, babu wanda ya tambaye ni. Ni na tashi na ɗauko ƙirgin bajimin nan, busasshe, mai kaurin yatsa. Na yanka shi daidai, na huda, ka buga ƙusoshin jan ƙarfe. Ka zagaya fili ka taka, ta tsaya cak. Ka leƙo kana dariya ka ce, "Ashe badukun gidanmu ya fi makanikan Kano."

Shekara nawa ina jiran wannan magana daga bakinka. Tun da ka bar sana'ar Baba ka bi mota, kai ake tarba, ni kuwa ana aiko mini da tsinkakken takalmi. Daɗin yabon ne ya rufe mini baki.

Domin na sani, Yaya. Kai ka san ƙarfe, ni na san fata. Ƙirgi ba jemamme ba ne. A rani ya fi itace tauri, amma da ya sha ruwa sai ya saki jiki. Na ce a raina kwana goma za ka yi, damina da saura. Yau kwananka talatin da ɗaya.

Shekaranjiya na jefa ragowar ƙirgin a kwarya, na zuba ruwa. Kafin la'asar na sa hannu in ɗauko, ya suɓuce mini, sai yauƙi kamar kuɓewa. Sau uku ina kama shi. Na tuna gangaren duwatsun da ka ce akwai a hanyar can, da mutanen da ke zama a saman kaya, ƙafafuwansu na lilo.

Ruwa ya yi jinkiri bana. Jiya malamai suka fita da jama'a roƙon ruwa, har mutanen Gagarawa da Sule Tankarkar an ce sun fita. Na bi sahu, na ɗaga hannu, amin ta ƙi fita daga bakina. Gero na bushewa a gonar kowa, har tamu. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro.

Yanzu da nake rubutu hadari ya haɗu a gabas, ya karkata arewa, wajenku. Inna ta sa an fito da tukwane ƙarƙashin indararo, tana ta hamdala. Ta tambaye ni me ya sa fuskata haka. Na ce mata hayaƙi ne.

Ɗan'uwana, ka cire ƙirgin nan daga birki. Ka kwana a hanya, fatake su zage ka, ka dawo ka faɗa wa duk Gumel abin da na yi. Zan tsaya a zaure in saurara, in dai da bakinka za ka faɗa.

Allah Ya shayar da gonakin bayinSa. Allah Ya sa takardar nan ta riga ruwan isa gare ka. Idan kuwa ruwan ya riga ta, Allah Ya tsayar da motarka a inda ka taka.

Ga ɗigon farko nan ya faɗo a kan takardar.

Ni ne ƙanenka,
Sale baduku, Gumel.