Garantin Malam Jibo

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Gusau. Ƙaramar bindigar da na saya hannun Bashiru a Sabon Gari ta ƙi tashi. Na gwada ta a bayan gari, ƙas kawai take yi. Tsohuwa ce, ƙirar gida, duk tsatsa. Ni mai gyaran famfon burtsatse, me ya haɗa ni da ita in ba tsoron hanyar Tsafe ba? Matata Marta na Zonkuwa da yara, ta ɗauka Littafi Mai Tsarki ne kawai a jakata.

Laraba, 8 ga Mayu
Bashiru ya ce shi dillali ne, garanti na wurin maƙerin da ya ƙera ta, Malam Jibo a Bungudu. Bai yi ƙarya ba, wannan kam na yaba masa.

Asabar, 11 ga Mayu
Bungudu. Tsohon ya gane ta tun daga nesa. "Wagga ta Shu'aibu ce." Ashe shi kan sassaƙa ƙotar kowace bindiga daidai hannun mai ita. Hannun yake yi wa garanti, ba ƙarfen ba. Ya nuna mini gurbin yatsu a ƙotar. Babu na ƙaramin yatsa, don injin niƙa ya cinye na Shu'aibu. Na ce zan biya. Ya ce, "Malam Iliya, ba a yi wa baƙon hannu gyara. Shi zo da kainai."
Tsabar taurin kai. Amma bai wulaƙanta ni ba, har fura ya ba ni.

Talata, 14 ga Mayu
Aiki ya kai ni Tsafe, na nemi gidan Shu'aibu. Matarsa Rakiya ta yi mini magana ta bayan zana. Ɓarayin daji sun tare shi a hanyar gona bara suka kashe shi, bindigar na hannunsa, ba ta tashi ba. Na yi mata gaisuwa. Da na ce bindigar na wurina sai ta ce:
"Ni na jefa ta rijiya, ranar sadakar uku."
Wataƙila masu yasar rijiya ne suka fito da ita. Dole su ne.

Juma'a, 17 ga Mayu
Bindigar ta fara zama mini daidai a hannu. Sabo ne.

Lahadi, 19 ga Mayu
A coci littafin waƙa ya suɓuce mini. Ƙaramin yatsana na dama ya yi sanyi, ya lanƙwashe, ba ya jin komai. Marta ta kira, ta ce muryata ta canza, in bar aikin nan in dawo gida. Na ce sai damina ta sauka.

Alhamis, 23 ga Mayu
Na koma Bungudu da niyyar bar masa ita, ya narkar ko ya yi lauje. Na miƙa masa. Bai dubi bindigar ba, hannuna ya duba, ya daɗe. Sai ya jawo kayan aiki. Kafin la'asar ta tashi, harbi ɗaya cikin suri.
Na ciro kuɗi. Ya ture.
"Mai ita ba ya biya."
Ya raka ni bakin titi, ya ce in gaida Rakiya. Na ce za ta ji.
Sai a mota na tuna abin da ya kai ni, ga ta kuma a jakata. Gobe Tsafe. Ba na jin tsoron hanyar kamar da, ai na san ta.