Almakashin Baba Ya Yi Aiki a Sabha

Zuwa ga mahaifina, Malam Issufu mai hoto na Damagaram,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka.

Baba, ina nan Sabha, garin Larabawan nan na bayan hamada, a shagon hoto, kuma almakashinka yana wurina. Wancan mai haƙora, da kake yi wa gefen hotuna zankaye da shi. Inna ce ta cusa mini shi a jaka ranar da zan taho. Ya daɗe a kwance, don aikin nan duk na kwamfuta ne.

Kwanakin baya wani saurayi, Salim, makanikin jiragen sama a filin jirgin Tamanhint, ya kawo mini aiki. Kakarsa, Hajiya Mabruka ta ƙauyen Zighan, hoto ɗaya tak take da shi na mahaifinta, yana tsaye gefen jirgi lokacin yaƙin Turawa, sa'ad da yake yi musu dakon mai. Gobara ta cinye shi tuntuni. Ga idonta yana tafiya, likita ya ce saura kaɗan ya rufe. Kowa na cewa Salim kamar mahaifin nata ya yi kaki ya tofar, shi ya sa ita da kanta ta ce ya tsaya gefen jirgi a ɗauke shi, a mayar mata da hoton irin na da. Ta san jikanta ne. So take ta sake ganin abin da ta rasa kafin duhu ya zo.

Da ka ga hoton kansa da Salim ya fara kawowa, da ka yi dariyar nan taka. Baki har kunne, ga agogo, ga waya ta turo aljihu. Na tuna yadda kake cewa mutanen da tsayuwar salla suke yi wa kyamara. Na kora shi ya sake, ya yafa bargon ulu irin na dattawan nan, ya tsuke fuska gaban wani ƙaramin jirgi mai farfela.

Na zauna a kansa sosai. Na zare launi, na goge rubutun jelar jirgin da turakun lantarkin da ke baya, na ɗan dusashe kusurwoyi, na watsa masa tsaki-tsaki irin na tsohon fim. Wallahi ni kaina ya burge ni, har na bi Salim Zighan don in ji yabo.

Ina! Hajiya ta kai shi dab da ido, ta shafa, ta miƙo mini abina. Da 'yar Hausarta ta fatake ta ce, "Ɗana, wannan hoto ba tsoho ba." Takardar sulɓi gare ta kamar tangaran, gefenta a miƙe.

A mota muna komowa maganarka ta faɗo mini: "Hoto ba da ido kaɗai ake kallonsa ba, Habu." Na tuno ka a zauren gidanmu, kana ba tsofaffi hotunansu, kana jira su juya shi, su shinshina, su bi gefensa da babban yatsa. Sau nawa na gani, amma sai ranar nan na fahimta. Kai, Baba, ka san mutane.

Na samo takarda mai kauri marar ƙyalli na sake wanke shi. Na tsoma shi a shayin mutanen nan mai baƙin ƙarfi, na shanya a inuwa. Na sa shi cikin hulata na yi ta yawo da shi a zafin Sabha, kamar yadda kake ajiye hoton Inna, har ya lanƙwashe ya ɗauki gumi. Sannan na ciro almakashinka. Ya yi tsatsa, na ɗiga masa mai. Da ya fara cin takardar, ƙarar nan tasa ta sa na ji kamar kana bayana, sai da na share hawaye.

Da muka koma, ba ta ma fara da ido ba. Yatsanta ya bi zankayen nan ɗaya bayan ɗaya har ya zagayo. Sai ta matsa bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana kallo, ta sumbace shi, ta kira sunan mahaifinta.

Ta tambaye ni wa ya koya mini wannan yanka. Na ce kai ne, kuma ka rasu. Ta sa na maimaita mata sunanka har ta riƙe.

Salim ya ce idon ya rufe a makon jiya. Hoton yana ƙarƙashin matashinta, kullum tana bin gefensa da yatsa. In ta idar da salla tana yi wa mutum biyu addu'a, mahaifinta da Issufu na Damagaram.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi addu'arta da tawa. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Habu