Gatari a Dutse Biyu

Litinin, 4 ga Maris
Malama Ryu ta gidan tarihin garinmu ta nuna min gatarin da aka tono a gonar albasa. Tagulla, duk ya yi kore, bai kai tafin hannuna ba. Bakinsa a baje kamar mafici, bayansa da rami inda ƙota ke shiga. Wai ya fi shekara dubu biyu. Tana son irinsa, a zuba shi yadda suka zuba, cikin dutse. Na ce ƙaramin aiki. Hannun dama yana aljihu har na fito, kada ta ga yana rawa.

Alhamis, 7 ga Maris
Na gama sassaƙa dutsen, ɓari biyu da za su haɗu baki da baki. Na turara cikinsa da hayaƙin icce, na gasa shi kada ya fashe.

Asabar, 9 ga Maris
Kash! Zubin farko ya lalace. Narkakkiyar tagulla so take a juye ta lokaci guda, ni kuwa hannu ya girgiza, rabi a dutse, rabi a ƙasa. Shekara arba'in da uku ina wannan sana'a. Na ji kunya, ko da yake ba wanda ya gani.

Matata Mal-sun ta ajiye shinkafa da kimci, kabejinmu mai tsami da yaji, a bakin ƙofa kamar kullum. Dokar mahaifina ce, mace ba ta shiga maƙera ranar zubi, kuma tun aurenmu ban karya ba.

Talata, 12 ga Maris
Na biyu ma haka.

Laraba, 13 ga Maris
Wajen cin abinci miya ta zube min a riga. Mal-sun ta kira ni da sunan ɗiyarmu:
"Baban Eun-ha, wa kake ɓoye wa? Ni ke wanke rigunan nan."
Na ce sanyi ne.
"Sanyi tun bara? Tsoho mai taurin kai kawai!"
Na tashi ban ƙoshi ba. Abin da ban faɗa mata ba: in na uku ya lalace, zan rufe maƙerar. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Juma'a, 15 ga Maris
Ya fito! Baki sumul, rami daidai, ga layin nan a gefe inda ɓarin biyu suka haɗu, sak na mutanen da. Malama Ryu ta yi ta juya shi tana cewa, "Kai, Baba Pyo, hannunka bai tsufa ba."


Awartakin ɗaukar tukunyar narka tagulla dogo ne, dama yana da wurin riƙon mutum biyu. Ni dai ban kira kowa ba, ƙofa ce na manta ban rufe ba. Da na ce "juye", tare da Mal-sun muka juye. Yatsanta ya ɗan ƙone, tana ta mita wai maƙerata ƙazanta kamar turken alade.

Na sayo safar hannu ta fata. Ƙarama.