Rabin Aski

Kurfi, 9 ga Maris, 1982

Zuwa ga jikana Mamuda, angona marowaci,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Larai da baƙon da ya sauka. Barkanmu da arziki. An ce jaririn kunnuwanka ya kwaso, Allah ya ba shi haƙuri. Ka lallaɓa da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Bayan haka, akwai maganar da na ɓoye maka. Ka san kakanka ya faɗo daga kan rumbu lokacin kaka, ƙeyarsa ta bugi dutse, har ya kwanta asibiti a Katsina. Na ce maka ya warke. Ƙarya na yi. Likita ya ce ɗan ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya ne ya taɓu. Idonsa garau, amma duk abin da ke hagunsa hankalinsa ba ya kai wa can. Tuwo sai ya cinye gefe guda ya ce na rage masa. Da fari dariya nake, ina juya masa akushi, ya yi ta sa mani albarka wai na ƙaro.

Ran Juma'a dariyar ta ƙare. Ummaru mai goro ya zo aski. Kakanka ya kwashe rabin kai tas, ya goge aska ya ce an gama. Da Ummaru ya yi magana, sai kakanka ya sake kai aska, ya tsaga masa kunne, kuma bai ga jinin ba.

Yanzu ya ce shi zai zo Dutsin-Ma ya yi wa ɗanka askin suna, ya cire masa belu, kamar yadda ya yi maka, ya yi wa ubanka. Tun jiya yake wasa aska. Mamuda, kan jariri ɗan mitsitsi ne. Ko abinci na kasa ci.

Kakarka,
Inno

Kurfi, 11 ga Maris, 1982

Mamuda,

Bayan gaisuwa, da fatan mai jego tana samun kunu. Saƙonka ya iso ta hannun direba, wai ba ka iya hana kakanka. Na sani, ai tun kana yaro ko akuya ba ka iya korewa.

To ni na hana shi. Yau da hantsi yana shirin tafiya, na ɗauki zabirarsa da asaken ciki. Ban kai ta ɗaki ba, ban jefa a rijiya ba. Na zauna kan tabarmarsa, a hagunsa, na ɗora ta bisa cinyata na yi shiru.

Ya lalube dama, ya ɗaga buzu, ya zazzage aljihu. Ya manta abin da yake nema, ya tuna, ya sake. Da ya miƙa hannu kaɗan da ya taɓa ni. Can ya kira sunana sau biyu, ban amsa ba. Sai ya ce a hankali, "An sace zabira, ita ma Inno ta tafi ta bar ni."

Shekara arba'in da shida nan gefen nake zama, Mamuda.

Ka nemi wanzami a Karofi, ya zo ran suna da sassafe ya gama kafin mu iso. Kakanka zai zo hannu rabbana. Idan za ka ba shi jaririn ya yi masa addu'a, ka tsaya ta damarsa, kuma kada ka saki.

Ka gaida Larai.

Kakarka,
Inno