Tsaga a Bangon Rami

9 ga Oktoba

Stoyko, mijina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma kana shan maganin hawan jinin nan ba sai an tsaya a kanka ba. Ni lafiya lau, sai gwiwoyi.

Na sauka gidan ƙanena Zlatomir. Matarsa Velichka tana ta ɗura mini banitsa, gurasar nan mai cuku, kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Shi kuwa da ya ga takalmana na aiki sai ya ce, “Yaya, shekara talatin kina tonon ƙasa, har yau ba ki tono mana ko zobe ba?” Muka yi dariya. Bai tambaye ni aikin ba, ni ma ban ɗauko ba.

Ka san dai hukumarmu ba za ta sabunta wa tashar nukiliyar nan lasisi ba sai an sake duba ƙasar da take kai. Mun haƙa dogon rami a bayan katanga. Kwana shida ruwa yana ta zuba, muna kwashe taɓo. Jiya da rana ta fito na shiga na kankare bangon, sai na ga abin da ban so gani ba. Tsaga ce ta ratsa shimfiɗar yashi, ɓangare ɗaya ya sauka ƙasa da ɗayan kamar taƙi guda. Na daɗe a tsugune ina kallonta. Na aika da ƙasar a auna shekarunta. In tsohuwa ce ƙwarai, shi ke nan, na sa hannu na dawo gida.

Ka gaida maƙwabta. Taka,
Nedyalka

14 ga Nuwamba

Stoyko,

Wasiƙarka ta iso, na gode. Yaya sanyi a Sofia? Ka bar tarin nan haka, ka je ka ga likita.

Sakamako ya fito. Tsagar ba tsohuwa ba ce. Ƙasar nan ta motsa bayan da mutane suka riga suka fara noma a bakin kogin.

Daraktan tashar ya kira ni ofis, ya ba ni kofi, mutum mai ladabi. Ya ce, “Dakta, gaɓar kogi ce ta zaftare, ba girgizar ƙasa ba. Masanan da muka ɗauko haka suka ce.” Abin da ya fi gajiyar da ni, Stoyko, mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Ba ni da hujjar ƙaryata shi, shi ma ba shi da hujjar da zai kwantar mini da hankali.

Gari duk ya ji. Boyka mai burodi, wadda muka zauna benci ɗaya a firamare, ta miƙo mini burodi tana cewa, “Ga ta nan, mai kashe mana wuta! In kin rufe tashar, ki zo ki saye burodin duka ki ci ke kaɗai.” Mutanen layi suka yi dariya, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Ran Lahadi muna cin abincin rana Zlatomir ya ajiye cokali. Ya ce, “Shekara ashirin da shida ina cikin ginin nan, ko kofi bai taɓa faɗowa daga tebur ba. Ke kin zo da ɗan cokalin magini za ki kori rabin gari.” Na ce masa shi yana goye lokacin da girgizar ƙasa ta sa benen ya rufta da Baba, ni kuwa shekarata goma sha ɗaya, kuma ni na tsaya a titi ba takalmi ana ɗaga duwatsu. Ya ce, “To mu za mu biya abin da ya same ki?” Velichka ta tashi ta shiga kicin. Washegari na koma otal.

Ina ta tambayar kaina ko tsoron yarinta ne yake riƙe da alƙalamina. Na sake shiga ramin sau uku. Tsagar tana nan.

Taka, mai kewarka,
Nedyalka

5 ga Disamba

Stoyko nawa,

Ina fatan kana lafiya. Wannan ita ce ta ƙarshe daga nan.

Kwamitin hukumar ya zauna a zauren gari. Na faɗi abin da na gani, na kuma faɗi abin da ban sani ba. Sa'a biyar ana jayayya. Huɗu suka bi bayana, uku suka ƙi. Za a tsayar da inji ɗaya aƙalla shekara biyu, a ƙara haƙa, a ƙarfafa ginin. Ma'aikata da yawa za su zauna gida, Zlatomir yana cikinsu. Babu wanda ya zage ni da na fito. Hanya kawai suka ba ni.

Ban ji daɗin nasara ba. So nake kawai in kwanta.

Yau da safe ina haɗa kaya, sai ga Zlatomir a ƙofar otal, hula a hannu. Ya ce, “Yaya, bar maganar takarda. Girgizar za ta zo ko ba za ta zo ba?” Na ce ban sani ba, ko gobe ko bayan shekara dubu. Ya ce, “Wato in ba ta zo ba mu yi ta tsine miki har mu mutu.” Na ce haka ne, kuma haka na fi so.

Ya murza hular. Can ya ce jikarsa tana kwana a ɗakin da babban kabad yake, kusa da taga, ko akwai inda ya fi? Na bi shi gida. Muka ja gadon zuwa bangon ciki, na riƙe masa kabad ɗin ya ɗaure shi da ƙusa huɗu. Bai ce na gode ba, bai ce in zauna ba. Amma shi ya ɗauki jakata zuwa mota.

Zan iso ran Alhamis da motar ƙarfe biyu. Ka zo ka tarye ni, kada ka tambaye ni komai sai na yi barci.

Matarka,
Nedyalka