Murfi Ɗaya a Bokiti

Daren Laraba, Bagudo

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu maƙwabciyata Rahila, wadda ke aikin nas, ta iske ni ina goge teburin yanka nama da ruwan bilic, maganin kashe ƙwayoyin cuta da nake sayowa kasuwar Lolo ta bakin iyaka. Na tambaye ta ko ƙwayoyin cuta sun saba da shi ne, har amai da gudawa suka ɗauke mini ɗiyata Hauwa bara.

Ta karanta Faransancin jikin robar bilic ɗin, ta leƙa bokitina, ta ce:

"Ba sabawa suka yi ba, Maman Hauwa. Murfi ɗaya na bilic cikin ruwa mai yawa haka ba ya kashe komai."

Ashe duk daminar bara ruwa kawai nake shafawa. Daren nan sau uku na wanke teburin, hannuna har ya tsage. Wa nake karewa yanzu?