Inna, Haƙorinki Yana Ciwo

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya da uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki a yalwace kuma da haske. Mu nan Gwarimpa lafiya lau muke. Yara suna makaranta, babansu yana shago. Bilki autarki ta sauka lafiya, an yi miki takwara.

Dalilin rubuto miki shi ne, Inna, haƙorinki yana ciwo.

Na san masu karanta wannan za su ce matar nan ta ruɗe, ina mamaci ina ciwon haƙori. Ke dai kin san abin da nake nufi. Haƙorin Makkan nan da ke bakina, na sama ta hannun dama, wanda tun ranar da aka sa shi ba ki taɓa yarda cewa nawa ba ne.

A wajen alwala ya fara. Randarki da kika sayo a ƙauyen Ushafa tana nan a bayan kicin inda kika bar ta, ruwanta da sanyi kamar kullum. Na ɗiba na kurkure baki, sai na ji kamar an soka min allura tun daga dasashi har cikin kunne. Na yi ta daurewa, ina cewa zai wuce. Da kumatuna ya kumbura, baban yara ya ce ba zai ƙara sauraron “zai wuce” ba, ya kai ni asibiti.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Bilki ba, Hausarta irin ta Abuja. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta ɗaga shi a haske ta nuna min wani baƙi a gindinsa. Ta ce, “Mama, zinari lafiya yake, amma haƙori na ciki ta lalace.” Wai sai an yanka zinarin an cire kafin a wanke jijiyar, kuma in an yanka ba zai koma ba. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce sai kumburin ya saɓe, ga layi da tsawo, ta sa min rana can gaba. Ta kuma ce kada in ƙi dawowa, don ciwon yana iya sauka cikin muƙamuƙi.

To ga ni ina jira, Inna. Ina shan ƙwayoyin a kan lokaci. Ina ɗumama ruwa da gishiri in riƙe a baki, yadda kike mana. Kanumfari ma na daka na ɗora, yana kashe zafin na ɗan lokaci, amma ƙamshinsa yana tayar min da wani ciwon, don ƙamshin kununki ne. Da hagu nake tauna. Na bar rake, na bar ƙanzo, koko da fate kawai nake sha kamar mai jego. Ruwan alwala sai na ɗora a wuta tukuna. Randarki kuwa kullum ina cika ta, ina kallonta, ba na iya sha.

Maƙwabciyata Maman Bose ta leƙo ta ce in ɗiga ruwan batir a kai, wai a take zai mutu. Na ce mata ni haƙori nake so ya daina ciwo, ba ni nake so in daina numfashi ba. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ban iya tayawa ba, kumatu ya hana.

Zaman jiran nan ya mayar da ni Karmo. Ina tuna ɗakinmu mai rufin kwano, da yadda muke shigo da tukwane Gwarimpa lokacin duk unguwar nan bulo ce da yashi, tifa na shiga tifa na fita. Rumfarki tana gindin wani mangwaro. Leburori da birkiloli suna layi da kwanukansu, Gwari da Ibo da Yarbawa, kowa “Iya mai tuwo, ƙara miya.” Gari yana ta tashi, aiki ko'ina, kowa yana cewa zamani ya canza, soja ya koma bariki. Ke dai muciyarki kike juyawa kina zubin adashi, shekara ta bi shekara, har Allah ya kira ki ɗakinsa mai alfarma a Makka.

Ni ce 'yar farinki, don haka ba ki taɓa kiran sunana ba. “Ke.” “Waccan.” “'Yar nan.” Ba kya kallon fuskata in da mutane, ba kya yaba min, in na yi ciwo sai ki aiko Goggo ta duba ni. Bilki tana kwance a cinyarki, ni ina wanke tukwane. Manya sun ce kunya ce, haka aka gada. Amma yaro bai san kunya ba, Inna, abin da ya gani ya sani.

Ko maganar tafiya Makka ba ki faɗa min da bakinki ba. Bilki kika aiko: “Ki ce wa waccan ta je ta ɗauki hoto, ina bukatar mai riƙe min jaka.”

Da muka gama aikin Hajji, matan tawagarmu suka ɗunguma shagon mai sa haƙori, muka bi su. Ya leƙa bakinki ya girgiza kai. Goro ya cinye na gaba, sauran kuma suna rawa, babu inda zinari zai zauna. Kika ja mayafi kika rufe baki kina dariya. Sai kika nuna ni da haɓa kika ce, “A sa wa waccan. Nawa ne dai, ajiya na ba ta.” Ya goge lafiyayyen haƙorina da abin gugarsa, hawaye na zubo min, ke kuma kina kallon bango kamar ba ki san ni ba.

Bayan mun dawo ne kika fito da sabon abu. “Ke, zo in duba haƙorina.” Sai ki kama haɓata da hannunki mai ƙamshin daddawa, ki juya fuskata wajen haske, ki daɗe kina kallo. “Kina dai goge min shi da asuwaki?” A gaban baƙi ma kina yi, kuma ba mai cewa Hajiya ta yi rashin kunya, tunda kayanta take dubawa. Ina da aure, ina da 'ya'ya, amma in na ji kiran nan sai in saki abin da ke hannuna in zo in durƙusa in buɗe baki kamar ɗan tsako.

Shi ya sa da likita ta ce yanka, na ji kamar ƙasa ta zame min. Na fara lissafin yadda zan yi in ƙi komawa. Na ce in kumburin ya saɓe shi ke nan, sai in ci gaba da kanumfari har in mutu da abina. Wa zai duba min baki yanzu? Amma dai ajiya ce, kuma ban taɓa ɓatar miki da ko ludayi ba.

Jiya da la'asar ina zaune da tsumma mai sanyi a kumatu, sai na tuna kwanakinki na ƙarshe a ɗakin nan. Ciwon suga ya riga ya tafi da idonki, ko fitila ba kya bambancewa. Duk da haka kika ce, “Ke, zo in duba haƙorina.” Na zo na durƙusa na buɗe baki. Hannunki ya hau goshina, ya bi girata, ya sauko kumatu, ya shafa kunnena, ya koma goshi. Ina nan baki buɗe har muƙamuƙina ya gaji. Ko kusa da bakin ba ki je ba. Can kika ce, “Yana nan lafiya,” kika juya fuska bango.

A lokacin kukan rashin lafiyarki ya hana ni lura. Sai jiya na gane ba haƙorin kike dubawa ba.

Don haka zan koma ranar da aka sa min, Inna. Zan hau kujerar nan in bar yarinyar ta yanka. Zan roƙe ta ta ba ni guntun a hannuna, in ƙulle shi a bakin farin mayafinki na Makka. Ki yafe min, ajiyarki za ta tashi daga inda kika sa ta. Goshin da kumatun kuwa suna nan, ina wanke su sau biyar a rana. In na warke, abin da zan fara yi shi ne in cika moɗa daga randarki in shanye.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya karɓi Hajjinki, ya saka miki da kowace loma da kika ciyar da bayinsa a gindin mangwaron nan. Allah ya mayar miki da idonki da haƙoranki sababbi a Aljanna, ya haɗa fuskokinmu a can inda babu kunyar ɗan fari. In mun haɗu, sau ɗaya kawai, ki kira sunana in ji yadda yake a bakinki. Amin.

Wassalam. Taki har kullum,
Hadizatu,
wadda kike ce wa Waccan.